INJIN DA YA KE ZANCE DA MUTUM

Darasin wannan wata, domin ma'aikatan Bompai da Sharada da Challawa

'Yan'uwa, dukanmu mun san inji. Wanda ya taɓa shiga masana'antun Kano ya ga injin saƙa, da injin narka roba, da injin matse gyaɗa, da manyan gangunan da a ke juya fata a cikinsu. Waɗannan duka aikin hannu su ke ɗauke wa mutum. Amma a zamaninmu an ƙera wani inji dabam, wanda aikin baki ya ke yi. Ka yi masa tambaya, ya amsa. Ka ce ya rubuta maka wasiƙa, ya rubuta. Ka ba shi Turanci, ya mayar maka da Hausa. Ba a kafa shi a kan siminti ba, yana cikin wayar da ke aljihunka. Masana suna ce da shi ƙirƙirarriyar basira, mu kuwa a cikin darasin nan za mu kira shi injin zance. Bari mu duba abin da ya ke, da yadda ya ke sake maganar da ke tsakanin mutane a wurin aiki, da abin da ya kamaci mai gaskiya ya yi da shi.

1. Wurin da harsuna su ke haɗuwa

Bompai ita ce babba a cikin unguwannin masana'antu na Kano, gama tun zamanin Turawa aka keɓe ta domin wannan aiki. Sharada da Challawa daga baya suka taso, bayan mulkin kai. Challawa tana wajen hanyar Panshekara, kusa da kogin da ta ci sunansa, an kuwa san ta da gidajen jima. Da yawa daga cikin masana'antun nan sun rufe saboda rashin wuta da kayan waje masu araha, amma waɗanda suka rage suna ciyad da gidaje masu yawa.

A waɗannan wurare harsuna su kan haɗu. Mai masana'anta ya yiwu Bakano ne, ko mutumin Lebanon, ko na Indiya, ko na Sin. Injiniya yana karanta takardar da ta zo da inji da Turanci. Leburori suna jin Hausa, ko da ya ke waɗansu da Tibi ko Barbarci ko Ibo aka yaye su. Saboda haka tun da can magana ta kan bi ta hannun wani kafin ta kai ga mai ita: manaja ya faɗa wa akawu, akawu ya faɗa wa heluma, heluma ya faɗa wa lebura.

Dattawanmu suna tune da masu rubuta wasiƙa da su kan zauna da teburi a bakin gidan waya. Wanda bai iya rubutu ba ya zo ya faɗi abin da ke ransa, a rubuta masa, a karanta masa ya ji, sa'an nan ya dangwala hannu. Mai rubutu hannunsa kaɗai ya ara masa. Maganar ta mai dangwala hannu ce. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

A shekarar 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya, sa'an nan WhatsApp ya zo, har wanda bai iya rubutu ba ya iya aika muryarsa. Duk waɗannan ɗaukar saƙo su ke yi. Injin zance kuwa shi ke tsara saƙon da kansa. Nan bambancin ya ke.

2. Daga ina ya fito, ƙaƙa kuma ya ke aiki?

A shekarar 1950 wani masanin lissafi na Ingila, Alan Turing, ya kawo wata gwaji: in mutum yana zance a rubuce da wanda ba ya gani, ko zai iya rarrabe inji da ɗan'adam? A shekarar 1966 wani malami a makarantar MIT ta Amurka, Joseph Weizenbaum, ya shirya wani ƙaramin injin zance, ya sa masa suna ELIZA. Ba abin da ya ke yi sai juya maganar mutum ya mayar masa da ita kamar tambaya. Duk da haka malamin ya ba da labari cewa sakatariyarsa, wadda ta ga yadda aka shirya abin, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin domin ta yi zance da shi a kaɗaice. Abin ya tsorata shi ƙwarai, ya kuwa yi ta gargaɗi a kansa har ƙarshen ransa.

Ran 30 ga Nuwamba 2022 kamfanin OpenAI ya fitad da ChatGPT, cikin 'yan watanni mutane miliyoyi suka kama aiki da shi. A watan Afrilu 2024 kamfanin Meta ya sa nasa injin a cikin WhatsApp a Nijeriya. Tun kafin wannan, a ƙarshen shekarar 2013, Google ya sa Hausa cikin harsunan da ya ke fassarawa, a shekarar 2018 kuma bankin UBA ya fito da wani injin zance mai suna Leo domin amsa wa masu ajiya. Watau abin ya riga ya shigo gida.

To, ƙaƙa ya ke aiki? An ɗura masa rubuce-rubuce masu yawan gaske, fiye da abin da mutum zai karanta cikin rayuwa dubu. Daga cikinsu ya koyi wace kalma ta saba bin wace kalma. In aka ce, "Ina kwana?" ya san "Lafiya lau" ke biye, ko da ya ke bai taɓa kwana ba, bai kuma san lafiya ba. Haka ya ke jera kalma bayan kalma har amsa ta cika. Sa'an nan aka sa mutane suka yi ta duba amsoshinsa, suna nuna masa wadda ta fi daɗin ji. Domin wannan ya ke da ladabi da zaƙin baki. Amma ya kamata mu gane sarai, an hore shi ya faɗi abin da ya yi kama da amsa. Sau da yawa amsar daidai ce. Wani lokaci kuwa kama kaɗai ta yi, shi kuma da murya ɗaya ya ke faɗin duka biyu.

3. Amfaninsa

Kada mu zama kamar waɗanda su kan ƙi sabon abu don sabo ne. Akwai alheri a cikinsa.

Makanikin da ya iske takardar inji da Turanci mai wuya yana iya roƙonsa ya sauƙaƙa masa. Ƙaramin ɗan kasuwa mai sayen takalman roba a Sharada yana iya rubuta wasiƙar neman kaya ba tare da ya biya kowa ba. Mai sayad da fata yana iya fahimtar saƙon da mai saye ya aiko daga Italiya ko Sin. Yarinyar da ke neman aikin akawu tana iya koyon yadda a ke tsara takardar neman aiki. Wanda ya ke jin kunyar tambaya a gaban mutane yana iya maimaita tambaya sau goma, ba mai yi masa dariya. Talakan da a dā sai ya jira wani ya ga dama ya karanta masa takarda, yanzu ya sami ƙofa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma wuƙar da ke fere doya ita ke yanka yatsa. Bari mu duba haɗari huɗu.

4. Haɗari na fari: kuskure da ƙarfin hali

A watan Yuni 2023 wani alƙali a birnin New York ya ci waɗansu lauyoyi tarar dala 5,000. Sun kawo wa kotu takarda mai ambaton shari'u shida da aka yanke a dā, ashe ba a taɓa yin ko ɗaya ba. ChatGPT ne ya ƙaga su, da sunaye da lambobi, su kuwa ba su bincika ba. In masu ilimin shari'a suka faɗa wannan rami, ina ga mu?

Ga misali daga gidan jima. Majeman gargajiya da toka da bagaruwa su ke aiki. A manyan gidajen jima kuwa da sinadarai a ke yi: akwai ruwan salfaid da a ke cire gashi da shi, akwai ruwan asid da a ke tsuma fata kafin a jeme ta. In waɗannan biyu suka gamu a kwata ko a rami, wata iska mai guba ta kan tashi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ta yi yawa ta kan kashe jin wari a hanci, ta ka da mutum nan take. Yanzu a ce heluma ya ɗauki hoton gargaɗin da ke jikin duro, ya ba inji ya mayar da Hausa, injin ya yar da kalmar "kada" guda ɗaya. Fassarar za ta fito sumul, ba alamar gurbi. Wanda zai shiga ramin kuwa ba inji ba ne.

Mu sani kuma, rubutun Hausa da aka ɗura wa waɗannan injuna kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da na Turanci. Saboda haka kuskurensu da Hausa ya fi yawa. Akwai masana, har da na Jami'ar Bayero, da ke tattara Hausa domin gyara wannan, a shekarar 2025 kuma gwamnatin tarayya ta fito da wani inji mai suna N-ATLAS wanda aka hore shi da Hausa da Yarbanci da Ibo. Aikin yana gaba, amma bai ƙare ba tukuna.

Haka kuma ga maganar hakkin ma'aikaci. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata 3 ya wuce. Ta ce wanda ya yi shekara 2 zuwa 5 a ba shi sanarwar mako 2 kafin a sallame shi, wanda ya kai shekara 5 ko fiye a ba shi wata guda. Wanda ya ji rauni a bakin aiki kuwa akwai dokar diyya ta shekarar 2010. In ka tambayi inji, mai yiwuwa ne ya amsa maka da dokar Amurka ko ta Ingila, ka tafi wurin manaja da ita ka sha kunya, ko ka bar hakkinka ba ka sani ba. Irin wannan magana a kai ta wurin wakilin ƙungiya ko ofishin ƙwadago.

5. Haɗari na biyu: amana

Sa'ad da ka ke rubuta wa injin zance, kana gani kamar ku biyu ne a ɗaki. Ba haka ba ne. Maganarka tana tafiya zuwa manyan kwamfutoci na kamfanin da ke da shi, a wata ƙasa, ana kuwa iya ajiye ta. A shekarar 2023 waɗansu ma'aikatan kamfanin Samsung suka sa asirin aikinsu a cikin ChatGPT domin ya taimake su gyara. Da kamfanin ya gane, sai ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan injuna a kan na'urorin aiki.

A ce akawu a Bompai yana so ya gama takardar albashi da wuri, ya kwashe sunayen ma'aikata da lambobin bankinsu da bashin da a ke bin kowa, ya zuba wa inji. Bai saci ko kwabo ba, amma ya ba da abin da ba nasa ba. A watan Yuni 2023 aka sa hannu a kan dokar kāre bayanan mutane ta Nijeriya, aka kafa hukumar da ke lura da ita. Tun kafin doka kuwa iyayenmu sun koya mana, abin da aka ba ka ajiya ba ka da ikon buɗe shi ga baƙo. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

6. Haɗari na uku: maganar wa ce?

Mu komo ga mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya. Wanda ya dangwala hannu shi ke da magana. Wannan bai sake ba.

Wani mutum a Kanada, da kakarsa ta rasu, ya tambayi injin zance na kamfanin jirgin sama na Air Canada a kan rangwamen da a ke yi wa masu makoki. Injin ya ce ya sayi tikiti, ya nemi rangwamen daga baya. Ashe ƙa'idar kamfanin ba ta yarda da haka ba. Da magana ta kai gaban shari'a, kamfanin ya so ya ɗora alhakin a kan injin. A watan Fabrairu 2024 aka yanke cewa kamfani ne ya sa shi a ƙofarsa, saboda haka abin da ya faɗa kamfani ne ya faɗa, aka sa ya biya. Wannan hukunci daidai ya ke da abin da kowane dattijo zai faɗa maka. In ka aiki yaro, saƙon naka ne.

To, ga wurin da gaskiya ta ke shiga. In ka sa inji ya gyara maka Turancin takardar neman aiki, ba laifi. Amma in ya ƙara cewa ka yi shekara biyar kana tuƙa injin da ba ka taɓa taɓawa ba, ka kuwa sa hannu, ƙaryar taka ce, ran da aka tsai da kai gaban injin kuma hannunka ne a cikin haɗari. In manaja ya sa inji ya rubuta takardar sallama mai cike da kalmomin tausayi, shi kuwa bai ko san fuskar wanda ya kora ba, ya yi ado da tausayin da ba shi da shi. In ɗalibi ya miƙa aikin inji ya ce nasa ne, ya ruɗi malaminsa yau, gobe kuma ya ruɗi wanda zai ɗauke shi aiki.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa. A farkon shekarar 2024 a Hong Kong aka kira wani ma'aikacin kuɗi na kamfanin Arup zuwa taro ta bidiyo. Ya ga fuskokin manyansa, ya ji muryoyinsu, ya aika kuɗi wajen dala miliyan 25. Dukansu na ƙarya ne. Mun saba cewa gani ya kori ji, amma gani ta cikin waya ba ya korar kome yanzu. In saƙon murya ya zo da muryar maigida yana cewa a tura kuɗi maza-maza zuwa sabon asusu, ka kira shi ta lambar da ka sani, ko ka taka ka same shi.

7. Haɗari na huɗu: zumunci

Lebura da yawa a Kano baƙi ne. Sun bar iyali a ƙauye, suna kwana a ɗakin haya, suna aikin dare. Ga abokin hira a aljihu wanda ba ya gajiya, ba ya fushi, ba ya neman rance. Ba abin mamaki ba ne in mutum ya fara zuba masa cikinsa, kamar sakatariyar nan ta 1966.

Amma ku lura. An hore injin ya gamshi mai tambaya, saboda haka ya kan karkata ga abin da ka ke so ka ji. In ka kai masa ƙarar matarka ko abokin aikinka, bakinka kaɗai ya ji. Aboki na gari ya kan ce maka, "Malam, a nan kai ne da laifi." Ya kan zo asibiti, ya kan ɗauki gawa. Zumunta a ƙafa ta ke, injin kuwa ba shi da ƙafa.

Haka ma ga koyon sana'a. A dā yaro ya kan tsaya kusa da tsohon makaniki, ya miƙa masa sifana, ya koyi jin ciwon inji daga ƙararsa. A cikin wannan tsayuwa ya kan koyi ladabi da haƙuri, tsohon kuma ya san ana bukatarsa. In kowane yaro ya sunkuya a kan waya, wannan sani zai tafi kabari tare da masu shi, gama yawancinsa ba a rubuce ya ke ba, injin kuma bai taɓa jinsa ba.

8. Mutanen da ke bayan injin

Ma'aikaci ya kamata ya tuna da ma'aikaci. A watan Janairu 2023 mujallar Time ta ba da labarin waɗansu ma'aikata a Kenya da aka ɗauka su karanta rubuce-rubuce masu ƙazanta da ta da hankali, su yi musu alama, domin a koya wa ChatGPT ya guje su. Ladansu bai kai dala 2 a awa ba. Ladabin da mu ke gani a bakin injin, da gumin waɗansu aka saye shi. A watan Nuwamba 2021 ƙasashe 193 na hukumar UNESCO suka amince da waɗansu ƙa'idodi a kan wannan fasaha, a cikinsu har da cewa alhakin abin da inji ya yi yana wuyan mutane. Masu masana'antu da ke tunanin sa inji a madadin akawu ko tafinta, su ma su auna wannan, su yi shawara da ma'aikatansu a fili kafin su yanke.

9. Abin da ya kamata mu yi

Na ɗaya, kada ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta ka gane ba, ka kuma tabbata kowace kalma gaskiya ce.

Na biyu, duk maganar da ta shafi rai, ko magani, ko sinadari, ko shari'a, ko kuɗi mai yawa, ka kai ta wurin mutum masani kafin ka aikata.

Na uku, kada ka ba inji sunan wani, ko lambar bankinsa, ko ciwonsa, ko asirin wurin aikinka.

Na huɗu, in an tambaye ka ko inji ya taimake ka, ka faɗi gaskiya. In kai ne ka sa inji yana amsa wa masu ciniki, ka sanad da su inji ne.

Na biyar, ta'aziyya, da neman gafara, da tsautawa, da sallamar ma'aikaci, ka yi su da bakinka, fuska da fuska in da hali. Kalma uku masu gargada daga zuciya sun fi shafi guda na aro.

Na shida, wanda ya iya aiki da abin nan ya koya wa wanda bai iya ba, ya nuna masa amfanin da ramin duka.

TAMBAYOYI DOMIN AJI

1. Wane bambanci ke tsakanin wayar da ke ɗaukar saƙo da injin da ke tsara saƙo?

2. Don me injin zance ya kan faɗi kuskure ba tare da ya nuna shakka ba?

3. Akawun da ya zuba wa inji takardar albashi, wa ya yi wa laifi?

4. In manajanka ya ce ka sa inji ya rubuta wa mai saye cewa kaya sun tashi, alhali suna sito tukuna, me za ka ce masa?

5. A cikin makon nan, wace magana ce ka aika ta waya wadda ya kamata ka taka ka faɗa da baki? Ka tafi ka faɗe ta kafin aji na gaba.